Zangon Bakin Rafi a Ƙasar Gashaka: Littafin Aikin Rani

Asabar, 16 ga Nuwamba 2024

Yau muka taka wurin da ƙafarmu, karo na farko tun da ruwa ya ɗauke. Mu uku ne: ni, da abokin aikina mai koyar da ilmin halittu, da wani dattijo mai kafa amya a wannan kurmi, wanda Jauro ya haɗa mu da shi. Mun bar babura a ƙauye muka bi burtalin shanu, tafiyar awa ɗaya da rabi, gamba ta shanye kanmu, raɓa ta jiƙa mu har ƙugu.

Bari in rubuta dalilin wannan aiki tun a shafin farko, don ranar da gajiya za ta sa in manta. Shekara tara ke nan ina koyarwa a Serti, a jihar Taraba. Duk shekara ina rubuta wa yara a allo cewa Gashaka-Gumti ne gandun daji mafi girma a Najeriya, an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Ran nan na tambayi ajin wa ya taɓa kwana a daji. Biyu suka ɗaga hannu, dukansu 'ya'yan makiyaya. Sauran sun girma suna kallon duwatsun nan ta tagar aji, mutane kuwa na tasowa daga Legas da Turai don su kwana a gindinsu. Abin ya tsaya mini a rai. Zango muke so, na kara da ciyawa, a bakin ruwa, inda yara goma sha biyar za su kwana biyu lafiya. A wajen iyakar gandu za mu yi shi, domin a ciki ba a saran ko da tsinke sai da izini, kuma haka ya dace.

Da isarmu na ga wurin da raina ya kwanta da shi: shimfiɗaɗɗen yashi fari, inuwar malmo, ruwa garai-garai yana gudu a kan duwatsu. Har na fara auna wurin bukkoki da taki. Dattijon bai ce uffan ba, ya ɗaga sandarsa ya nuna sama. A cikin rassan malmon, sama da inda hannuna zai kai ko na yi ɗage, akwai tulin busasshiyar ciyawa da ƙirare sun maƙale, duk sun karkata gefe ɗaya, wajen da ruwa ke gangarawa.

"Malam, ba tsuntsu ne ya kai su can ba."

"To Baba, ai da rani za mu zo."

"Ruwan da zai cinye ka a nan ba a kanka zai sauka ba. A kan dutse zai sauka, kana barci, sama tas da taurari."

Muka haura. Taki saba'in daga bakin ruwa akwai wani tudu mai faɗi, ƙasarsa ja ce ba yashi ba, da maje da kawo manya a kai. Ya tona da ƙafa ya nuna mini babu laka, babu tsakuwar rafi. Nan muka kafa turke.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Mun kai wa Jauro gaisuwa da goro, ya aika aka kira Ardo, tunda shanunsa ne ke shan ruwa a wannan yanki. An fi awa biyu ana magana, rabi Hausa rabi Fulatanci. Abin da Ardo ya damu da shi guda ne: kada zangon ya zama gida, gida ya zama gona, gona ta tare mashaya. Ya ga hakan ya faru a wasu wurare, kuma bai faɗi ƙarya ba.

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ba za mu zuba siminti ba, ba za mu aza kwano ba, ba za mu shuka ko barkono ba. Kafin ruwan farko za mu kwashe kayanmu."

Ya ce idan haka ne, shi ma zai sa yaransa su riƙa shayarwa ta ƙasa da mu, ba ta sama ba, a ranakun da muke nan. Jauro ya sa aka shafa fatiha. Babu takarda, amma mutum takwas ne suka shaida.

Asabar, 7 ga Disamba

Asabar biyu muna sara da ɗauri. Bukkoki uku sun tsaya, da rumfa ɗaya doguwa ta zama da salla.

Dirkoki daga busassun itatuwan da suka faɗi da kansu muka samo su, ba mu kayar da ɗanye ko ɗaya ba. Tanka da gora muka yi, ƙofofi da gadaje da tukurwa, wadda ta cika fadamar da ke ƙasa da mu. Zana goma sha huɗu muka saya a ƙauye, wasu samari biyu suka yi mana jinka da bunu. Ƙusa ko ɗaya ba ta shiga aikin nan ba, duk igiyar rama ce da ɓawon itace, don ranar kwancewa a kwance cikin sauƙi.

Gadajen ne suka ci mana lokaci. Abokin aikina ya so a shimfiɗa tabarmi a ƙasa a huta, Baba ya ƙi. Ya ce ƙasar bakin rafi tana tsotse ɗumin jikin mutum da dare, ga kunama, ga kububuwa mai son kwanciya inda aka share. Don haka kowane gado kamu biyu ya tashi daga ƙasa, tukurwa a jere an ɗaure ta tamau, da sanda huɗu a kusurwa don gidan sauro. Batun maciji ba na wasa da shi. Asibitin da ya shahara da maganin sara yana Kaltungo a jihar Gombe, tafiya ce ta yini. Saboda haka dokar farko da na rubuta ita ce ba mai fita da dare babu takalmi da tocila, kuma da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa.

Wajen murhu na ɗebo duwatsu uku sumul daga cikin rafi, Baba ya sa na mayar. Dutsen da ya daɗe a ruwa yakan riƙe danshi a cikinsa, wuta ta kama shi sai ya fashe ya yi tsartuwa a fuskar mai girki. Daga kan tudu muka ɗauko wasu.

Wani abu da ya ɓata mini rai a hanyar dawowa: mun ratsa ta wani gefen da ban taɓa bi ba, na ƙirga kututturen madobiya ashirin da uku kafin na daina ƙirga. Itacen da 'yan katako ke kira madrid ke nan, wanda aka yi ta lodinsa a tireloli daga jihar nan shekarun baya ana kaiwa Sin. Wasu sun yi toho daga gindi, siraran rassa kamar bulala. Ba za su zama abin da suke a da ba sai bayan ranmu. Zan bi da yaran ta nan.

Asabar, 14 ga Disamba

Yau ranar ruwa da bayan gida ce.

Rafin yana da fuska biyu, kowace da cutarta. Inda yake gudu da ƙarfi a kan duwatsu yana kumfa, nan ƙaramin baƙin ƙudan nan yake hayayyafa, mai cizo da rana, mai kawo ƙaiƙayi da makantar bakin kogi. Saboda shi ne ake raba ƙwayar Mectizan a ƙauyukan nan duk shekara. Inda kuma ruwan ya kwanta ya yi gurbi da ciyayi, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. Mun zaɓi wani wuri tsakani, mai gudu a hankali a kan yashi, zurfinsa iya gwiwa, muka kafa gora biyu a matsayin iyaka. Nan kaɗai za a yi wanka da alwala, kuma babu shiga gurbin da ke ƙasa ko da zafi ya kai ina.

Na sha kuwa sai an tafasa. Mun haƙa ɗan rami a yashi taki biyu daga bakin ruwa, ya tsatso a tace, daga nan za a ɗiba zuwa tukunya. Na ajiye alif don ranar da ya gurɓace.

Masai biyu muka haƙa a bayan tudu, ɓangaren da gangarensa ba ya kallon rafi, taki sittin daga bukkoki, aka kewaye da zana, da tulin toka da ƙasa a gefe don rufewa. Ƙauyuka biyu ne ke sha daga wannan ruwa a ƙasa da mu. Ba zan yarda a ce zuwanmu ya sa wa ɗan wani gudawa ba.

Juma'a 20 zuwa Asabar 21 ga Disamba

Kwanan gwaji, mu huɗu manya. Bayan an sauko daga masallaci muka kama hanya, muka isa da la'asar sakaliya.

Sanyin ya wuce yadda na zata. A cikin gari hunturu iska ce da ƙura. A nan wani sanyi ne mai danshi da ke gangarowa daga kan duwatsu bayan tsakar dare, ya bi kwarin rafin kamar ruwa, ya shige ta ƙarƙashin gado. Bargo ɗaya bai isa ba. Da asuba hazo ya kwanta a kan ruwan, ba a ganin ƙetare. Dole kowane yaro ya zo da bargo biyu da hular sanyi, kuma a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin tabarma.

Wajen ƙarfe biyu na dare abokin aikina ya daka tsalle yana kakkaɓe wando. Na haska ƙasa: kwarkwasa ce, baƙin layi mai faɗin tafin hannu, ta fito daga cikin ganyaye ta ratsa ƙofar bukka ta nufi inda muka zubar da ƙashin kifi. A gefen layin manyan nan masu ƙaton kai sun tsaya baki buɗe, ƙananan na gudu a tsakiya. Baba ya ce kada wanda ya taka su ko ya watsa musu ruwa, sai su bazu. Ya kwaso toka mai ɗumi daga murhu ya zuba ta a jere a gaban ƙofar, layin ya tsaya, ya yi cincirindo, ya karkata ya bi ta bayan rumfa. Mun zauna a kan gadaje ƙafa a naɗe kusan awa guda kafin wutsiyarsu ta wuce.

Laifinmu ne, mu muka kira su. Daga yau ragowar abinci ba ta kwana a zango: a ƙone, ko a binne nesa. Kuma kowace yamma za a kewaye bukkoki da toka.

Da hantsi garken bika suka sauko shan ruwa a ƙetare, sun kai talatin. Babban namijin ya zauna a kan dutse yana kallon buhun garinmu, bai ɗauke ido ba. Sai mun samo akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Wuta ta ci gangaren da ke gabas da mu cikin makon nan. Makiyaya kan sa ta don ciyawa ta yi toho, mafarauta ma suna sawa, ba a rasa mai yi. Ta tsaya taki arba'in daga masai, ba don dabararmu ba, iska ce ta juya. Yau mu shida muka share fili mai faɗin taki biyar kewaye da zangon har ƙasa ta fito, muka ƙone ciyawar da yamma bayan iska ta kwanta, muna tsaye da ɗanyun ganye a hannu. Kamata ya yi a ce wannan ne aikin farko tun Nuwamba.

Juma'a 17 zuwa Lahadi 19 ga Janairu

Sun zo. Yara maza goma sha huɗu, malamai uku, Baba, da wani tsohon mai gadin gandu da ya yi ritaya, wanda ya yarda ya kwana da mu.

Tun a makaranta na hana su zuwa da wandon makaranta, saboda shuɗi ne. Tsando, ƙudan da ke sa wa shanu sammore, shuɗi da baƙi ne ke jansa. Yaro ɗaya ya zo da baƙar riga, ya sha cizo a hanya har ya roƙi aron ta wani. Darasin ya shiga ba tare da na ƙara kalma ba.

A wajen kututturen madobiya na tsayar da su, ban yi dogon bayani ba. Wani ya ce babansa ya yi aikin lodi a lokacin, da kuɗin aka yi musu rufin kwano. Na ce gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Amma ya dubi ƙasar wurin ya gwada ta da ta cikin kurmi. Ya duƙa ya damƙo, ta zube ta tsakanin yatsunsa kamar gari.

Daren farko ba su yi barci da wuri ba. Bayan isha wata bai fito ba tukuna, Zara tana haske a yamma, Kaza da 'Ya'yanta a tsakiyar sama, rafi yana ta surutunsa. Tsohon mai gadin ya ba su labarin biri mai ganga, wanda Turawa ke kira chimpanzee. Ya ce a kurmin Kwano, can cikin gandu bayan ƙauyen Gashaka, masu bincike sun shekara da shekaru suna bin sawunsa. Irin na nan dabam yake da na sauran Afirka, a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, kuma gandun nan yana cikin manyan mafakarsa da suka rage. Yana gyara tsinke ya zura a ramin kwarkwasa, su hau, ya suɗe. Yana tono zuma da sanda. Kullum dare sai ya ɗaura sabon gado da rassa a kan bishiya. Yara suka tambayi dalilin sunan. Ya tashi da tocila ya kai su gindin wata babbar bishiya a bakin kurmi, mai saiwoyi fala-fala da suka tashi daga ƙasa kamar katanga, ya daki ɗaya da tafin hannu biyu. Ƙarar ta fita dum, dum, ta ƙetare rafi ta dawo. Yara goma sha huɗu suka yi tsit. Sai kuma kowa ya ce shi ma sai ya buga.

Da safe na yi darasin da na shekara tara ina yi a allo. Na sa ƙaramin cikinsu ya jefa kara a ruwa, na ce su faɗa mini inda za shi. Suka fara lalube: rafin nan zai faɗa babban mayo, mayo ya faɗa kogin Taraba wanda jiharmu ta ci sunansa, Taraba ya faɗa Binuwai, Binuwai ya haɗu da Neja a Lakwaja, daga nan sai teku. Na ce to, ruwan da ke gudu yau a tsakiyar rani, wata biyu babu ko ɗigo daga sama, daga ina yake fitowa? Aka yi shiru. Ɗaya daga cikin 'ya'yan makiyayan ya ce daga ƙarƙashin kurmi yake tsatsowa, domin duk rafin da aka sare itatuwan kansa yakan ƙafe kafin azumi. Ban taɓa jin muryar yaron nan a aji ba sai yau.

Abin da bai yi daidai ba: shinkafa ta ƙare da daren Asabar, na auna cikinsu da ma'aunin gida, alhali tafiya da sanyi sun ninka musu ci. Gidan sauro biyu sun yage a jikin tukurwa, sai an kankare bakinta. Yaro ɗaya ya yanke a ƙafa a kan dutse, muka wanke muka ɗaure, ya taka da kansa har gida. Tocila shida ba ta isa mutum goma sha tara ba.

Kafin mu tashi kowa ya bi zango da buhu. Leda, takardar alewa, batir, duk suka koma gari a kanmu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

'Yan mata sun aiko wakilai uku har ofishin malamai: su yaushe? Tambaya ce mai kyau, kuma ba ni da amsar da ta gamsar da ni. Mun zauna da iyaye. Wasu sun yarda in dai malamai mata ne za su kwana da su, maza su kwana a ƙauye. Wasu sun ce a je da safe a dawo kafin magariba. Wata uwa ta ce, "Malam, ba dajin nake tsoro ba, bakin mutane nake tsoro." Na fahimce ta.

Mun tsaya a kan yini ɗaya bana. Malama biyu sun ɗauki nauyi, da iyaye mata biyu da za su raka su. Kwana sai baɗi, in Allah ya kai mu, bayan iyayen sun ga wurin da idonsu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

'Yan mata goma sha takwas, tun bayan asuba har la'asar. Ruwan ya ja baya sosai, ramin yashi sai da aka ƙara masa zurfi. Sun ƙirga tsuntsaye iri goma sha ɗaya, har da burtu biyu suna takawa a ƙonannen fili. Na gaya musu an rubuta fiye da iri 500 a cikin gandu. Ɗaya daga cikin iyayen ta zauna a bakin gadon tukurwa ta jijjiga shi, ta leƙa masai, ta dubi zanan da ke kewaye. Ba ta ce komai ba sai a hanya, ta tambayi ko za a iya ƙara wa katangar tsawo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun kwance. Azumi saura mako guda, zafi ya fara, kuma tun shekaranjiya gajimare ke taruwa da yamma a kan duwatsun da ke wajen Mambila. Baba ya ce ba zai sauka yanzu ba, amma alkawari muka yi wa Ardo.

Zana da gadaje da akwatin ƙarfe sun koma zauren Jauro, an jingine su a kan duwatsu saboda gara. Bunu mun bar wa samarin da suka yi jinka. Masai an cike su, an danne da ƙasa. Duwatsun murhu mun mayar kan tudu, tokar muka watsa. Dirkoki kaɗai muka bari a tsaye, in ga ko za su kai baɗi.

Abin da ke gabanmu bayan salla: neman izinin kai yara cikin gandu, su ga dorina a Mayo Kam, su hau su ga kufan ganuwar Jamusawa a Gashaka, tun zamanin da ƙasar nan ke ƙarƙashinsu kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tun kafin ƙuri'ar 1961 ta haɗa mu da Najeriya. Akwai kuɗin mota da na shiga da za a tara. Akwai tocila, da bargo don yaran da gidansu babu na biyu. Akwai katangar 'yan mata.

Kafin mu tafi na sauka wajen malmon nan na ranar farko, da gwangwanin farin fenti. A jikin wani dutse da ke tsaye kusa da shi na ja layi a daidai fuskar ruwan yau, sannan na riƙa ja sama duk bayan rabin mita, har layi bakwai, abokin aikina yana riƙe da awo. Ɗan makiyayin nan rugarsu ba ta da nisa, kuma a nan suke damina. Na ba shi ƙaramin littafi da fensir biyu. Duk ranar da ruwa ya sauka a kan dutse, washegari zai zo ya tsaya daga kan tudu, ba daga bakin ruwa ba, ya rubuta kwanan wata da layin da laka ta taɓa.